Termosta Uku da Kunyar Suruki

Tun da na dawo daga Tinyer, wani gari can cikin Adamawar Kamaru, ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta gindin ɗalbejiya sai wani ya jawo benci ya ce in ba shi labari, in na kai tsakiya wani ya iso ya ce a koma farko. Alhaji Mamuda da ya je Makka ya dawo ba a tsare shi da tambaya kamar yadda ake tsare ni ba, ni da ko iyakar ƙasa ban tsallaka ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta da kansa. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Lekol ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta da yawa, ita ma rabinta a bakin kogi na yi ta.

Ga yadda abin ya faro. 'Yata Ladi tana auren wani Bafulatani, Bakari, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, yaro mai hankali da ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. Rani guda shi da ita suka yi suna ban ruwa a bakin Binuwai, ita da goyo a baya, har Allah ya ba su albasa mai kyau. Bakari ya loda ta gaba ɗaya a motarsa ya nufi Tinyer, inda aka ce ana nemanta. Ya hau tudun Falez lafiya, ya wuce Ngawundere, sai can a cikin daji motar ta tafasa ta tsaya. Abincin gidansu na shekara ke nan zaune a gefen hanya, ga shi can kan tudu damina ta riga ta faɗi, mu nan Garwa muna ta gasuwa.

Ladi ta shigo gidanmu da waya a hannu da hawaye a fuska, na karɓi wayar. Bayan mun gama gaisuwa, wadda ta cinye rabin kuɗin wayar, Bakari ya gaya mini termosta ce ta mutu. Ga wanda bai sani ba, termosta wani ɗan ƙarfe ne mai kama da murfin buta, da 'yar waya a naɗe a cikinsa. Aikinta gadi. Tana zaune a bakin inji, in inji da sanyi ta tsare ruwa, in ya yi zafi ta buɗe masa ƙofa ya tafi lagireto ya sha iska ya dawo. Ta Bakari ta mutu ne da ƙofa a rufe. Ya cire ta ya jefar kamar yadda kowane direban Garwa yake yi, ya tayar da mota, ta ƙara tafasa fiye da da. Ba zai iya barin kayan ya tafi nema ba, domin shi kaɗai ne, kuma kullum sai ya juya buhuna.

Ni kuwa a zamanin ƙuruciya na taɓa yin karen mota na ɗan lokaci, kuma duk unguwa an san haka domin ban bari an manta ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, termosta ai tare muka girma, ya zauna kan albasarsa ni zan kawo da kaina. Sai da na gama faɗin haka na tambaye shi wace iri zan saya.

Sai ya ce, “Duk wadda Baba ya gani.”

A lokacin na ɗauka ladabi ne kawai, har na ji daɗi.

Na fara da garejin Usumanu da ke bayan kasuwa. Usumanu a gabana aka yi masa suna, yanzu shi ne patron, da makanikai a ƙarƙashinsa. Da na ambaci termosta ya jawo wata tsohuwar garwa daga ƙarƙashin tebur, cike da su har baki, duk sun yi tsatsa. Ya ce duk motar da ta shigo garin nan abin da ake fara yi mata ke nan, a cire mata wannan, don Turawa sun yi ta ne saboda ƙasarsu mai ƙanƙara, mu kuma a nan inji tun kafin a tayar da shi ya riga ya yi zafi. Na ce to surukina ya cire tasa, motar ta ƙara tafasa. Ya ce gaskiya ne Baba, wasu haka suke. Na ce ke nan in saya? Ya ce ƙwarai, saye ya fi. Na ce ko dai kada in saya, a duba wani wurin? Ya ce wannan ma shawara ce ta manya. Na tsaya ina kallonsa, shi kuma yana kallon takalmina. Da zan tafi ya zaɓo ɗaya daga cikin garwar ya goge da rigarsa ya ba ni, wai in riƙe ta samfur. Na tambaya ko irin ta Bakari ce. Ya ce in Allah ya so.

Masu shagunan kayan mota kuwa tambaya ɗaya suke yi, wane inji ne. A nan na fara gane na shiga ruwa. Motar Bakari jikinta 'yar Jamus ce, injinta an ciro shi daga wata da ta mutu a Kuseri, lagireton kuma na wata ta uku ce da ba wanda ya san asalinta. Kamar garin Garwa take, kowace ƙabila akwai a ciki. Wani mai shago ya ce shi ya daina ajiye termosta, don kayan da ake jefarwa ba a sa shi a kanta. Ya ce in tafi Ngawundere, mutanen sanyi su ne ke sonta.

Washegari na je ajans, wato tasha, na hau kar, doguwar motar fasinja. Na sa rigata mai shara-shara, don zafin ranar ko kare ba ya haushi. Aka haɗa ni kujera da wata mata mai jiki, Madam Marta, Kirista ce daga duwatsun Mokolo, tana zuwa saro fiya, ɗan itacen nan mai maiƙo da ke yi a ƙasar sanyi. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk “ya” ne a wurinta, amma tana da yawa, ba ta ƙare ba har muka sauka. Ta ajiye kaza a ƙarƙashin kujera, kazar ta ɗauki yatsan ƙafata a matsayin abinci. Kafin mu tsallake gadar Binuwai ta san sunan 'yata da sunan jikana da abin da ke cikin jakata. Na nuna mata samfurin. Ta juya shi, ta ce ita dai in tukunyarta ta tafasa wuta take ragewa, me ya sa surukin ba zai rage wuta ba? Na ce mota ba haka take ba. Ta ce to yaya take? Na buɗe baki, na ga ba komai a ciki, na rufe.

A wani shinge masu kaki suka sauke mu kowa ya nuna katinsa. Wani saurayi cikinsu ya leƙa jakata ya ci karo da samfurin Usumanu naɗe a tsumma. Ya ja da baya kaɗan ya tambaya da Faransanci mene ne. Na tattaro Faransancina kaf, bai kai ba, na cika da Fulatanci, na ƙarasa da hannu. Abokinsa ya ce laya ce, irin ta tsofaffi. Madam Marta ta ce ba laya ba ce, mai gadin ruwa ne. Wannan ya ƙara rikita su. Daga ƙarshe aka kira sofer ɗinmu, wato direba, ya ce kayan mota ne, saurayin ya miƙo mini da hannu biyu ya ce in yafe masa. Kar guda tana jira, ni kuma na zama sananne.

Da muka tsaya cin abinci a Mbe na bi sofer ɗin har inda yake cin nama. Shi ya fara gaya mini cewa termosta lamba gare ta, an buga a bakinta, kuma lambar ita ce yawan zafin da take jira kafin ta buɗe ƙofa. Ya ce mota mai kaya a kan tudu ƙaramar lamba take so, ta buɗe da wuri. Na ji maganar ta zauna. Amma ni ɗan kasuwa ne jikan 'yan kasuwa, a wurinmu babbar lamba ita ce mai kyau, ko a zare ko a takalmi. Na ce ashe ba babbar ta fi ƙarko ba? Ya ajiye tsinken nama ya ce wallahi Papa ya fi shi gaskiya, babbar za a saya. Na ce a'a, ni tambaya nake yi. Ya ce tambayar manya ai amsa ce. Ya saya mini ruwan sanyi ya gudu cikin motarsa.

A nan na fara zargin gemuna. Shekara da shekaru ina gyara shi ina shafa masa turare, ashe shi ne zai hana ni jin gaskiya.

Kun ce in ba ku labarin iyaka. Ban ga tuta ba, ban ga kwastan ba, amma Falez iyaka ce. Hanya ce da ta naɗe jikin dutse tana hawa, kar tana nishi, kunnuwana suka toshe. Gefen hanya ga manyan motoci an buɗe musu baki suna hayaƙi, an jera ganye a kan kwalta, direbobi na zaune a inuwar taya. Duk wadda muka wuce sai in ga kamar Bakari ne. Muna kaiwa sama sai iska ta canza, sai ruwa. Mutanen cikin kar suka fara ciro rigunan sanyi daga jaka kamar an yi musu sanarwa ban da ni. Na shiga Ngawundere ina karkarwa, lulluɓe da zanen Madam Marta mai hoton kifi.

Na sauka a gidan Alhaji Iro, wanda mahaifinsa ke saukar da mahaifina a zamanin fataucin goro. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma da na faɗi sunan tsohona aka buɗe mini ɗakin zaure, aka kawo bargo mai warin akuya. Mutanen garin nan suna da abubuwan mamaki. Suna dafa ruwan alwala. Suna rufe taga su kwanta, a watan da mu muke kwana a tsakar gida muna zuba wa katifa ruwa. Da safe aka kawo mini burodi da fiya an yanka biyu, na rasa ko miya ce ko man shanu, na zuba mata gishiri, yaran gidan suka ce sukari ake sawa, na zuba sukarin a kan gishirin na ci don kada in ɓata wa kowa. Nono kuwa ba a magana. Kindirmon da na sha a can in ka kifa ƙwarya sai ya yi shawara kafin ya zubo.

Ina cikin karin kumallo Ladi ta kira. Ta ce Bakari sai ya hau kan suri yake samun rezo, wato sabis ɗin waya, kuma jiya ruwa ya taɓa buhunan gefe, na ƙasa sun fara wari, wasu sun fara tsiro. Na ce mata ta tambaye shi lambar da yake so, tunda ita matarsa ce. Ta ce ta tambaya. Ya ce mata Baba ya riga ya ce ya san abin, ba zai yiwu yaro ya aika wa surukinsa da bayani ba kamar ya aiki ɗan aike. Ta ce ta yi masa faɗa, ya ce ta yi haƙuri. Sannan muryarta ta sauka.

“Baba, don Allah ka yi sauri. Ban da wannan albasar ba mu da komai bana.”

Na ajiye fiyar na tashi.

Na nufi layin masu kayan mota wajen tashar jirgi. A can kam akwai termosta, kowane shago. Yaron farko ya dubi samfurina ya ce irinta ce daidai, ya ɗauko wata da ko makaho ya shafa ya san ba su haɗa dangi ba. Na ce ai wannan ta fi faɗi. Ya ce gaskiya ne, ta fi faɗi. Na biyu ya ce mai saba'in da tara ake sa wa kowace kamiyo, na ɗaga gira kawai, ya ce amma mai tamanin da uku ma ana sawa. Na gwada rufe gemuna da hannu a shago na uku, bai yi amfani ba, furfurar gira ta tona ni.

Can ƙarshen layi na ga wani tsoho zaune a kan taya yana cin goro, shagonsa duhu, ƙarafa har rufi. Na yi sallama da Hausa ya amsa da Hausa mai kyau. Sunansa Malam Tanko. Kamar yadda tsofaffi ke yi, kafin maganar ciniki muka tambayi juna asali. Na ce kakanninmu daga Kano suka zo da fatauci. Sai ya daina tauna goron. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce nasa kakannin daga Zariya suka zo.

“Ashe bawana ne ya zo gaishe ni. Durƙusa mana.”

Na ce Bazazzagi bai isa ba, ko a Kamaru. Ni ban taɓa ganin Kano ba, shi ma daga baya ya gaya mini bai san hanyar Zariya ba, amma wasan da ke tsakanin garuruwan nan biyu ya biyo kakanninmu a cikin kayan jaki, kuma bai lalace a hanya ba. Wallahi zagin nan ya yi mini daɗi kamar ruwan sanyi. Na ce a raina yau na sami wanda zai gaya mini gaskiya.

Na ba shi samfurin. Ya ce wannan ta ƙaramar mota ce, wanda ya ba ni ita ya raina ni, kuma ya yi daidai. Ya wurga ta bayan shago. Na ba shi labarin yadda aka cire termosta mota ta ƙara tafasa. Ya ce sai mutanen Garwa, zafi ya dafa musu ƙwaƙwalwa. Ya ɗauko wata ya nuna mini ɗan faifai a gindinta. Ya ce irin wannan injin hanya biyu gare shi, gajera da doguwa. In termosta ta buɗe doguwar da ke zuwa lagireto, faifan nan ne ke toshe gajerar. In ka cire ta gaba ɗaya, ruwa ba wawa ba ne, gajerar zai bi yana zagaya inji har ya tafasa. Wannan shi ne abu na farko da na fahimta tun da na bar gida, har na so in rungume shi.

Sai ya jero guda uku masu faifai a kan benci. Mai saba'in da ɗaya, mai saba'in da tara, mai tamanin da uku. Faɗin bakinsu ma ya ɗan bambanta, kaɗan, yadda sai ka haɗa su za ka gani. Ya ce tunda injin ba shi da uba, ɗaya daga cikinsu ce, in zaɓa.

Na nuna ƙaramar. Ya ce Bakano da son abu mai araha, wannan za ta bar inji cikin sanyi yana hayaƙi yana shan mai kamar rijiya. Na nuna babbar. Ya ce haɗama, so nake in dafa surukina a kan tudu. Na ce to ta tsakiya ke nan. Ya ce ta tsakiya ta matsorata ce, waɗanda ba su san abin da suke so ba. Na ce Malam Tanko, don girman Allah a ajiye wasa, albasar 'yata na ruɓewa. Ya ce shi bai fara wasa ba tukuna.

Sai na gane inda na faɗa. Yara ba za su ce mini a'a ba saboda gemu, wannan kuma ba zai ce mini e ba saboda Zariya. Duk ƙasar Adamawa ba mutum ɗaya da zai amsa mini tambaya tsakani da Allah.

Da ya ga idona ya canza sai ya tashi, ya ce mu gwada su. Ya ja ni wurin mai shayin bakin layi, ya ɗaura wa kowace zare, ya zura su cikin tukunyar ruwan zafin mutumin. Mai shayi ya yi ta rantsuwa da Fulatanci cewa za a kore masa masu saye. Muka sunkuya mu biyu tururi na dukan fuskarmu. Ƙaramar ta buɗe baki, can ta tsakiya ta bi, can babbar. Na ce to me muka gano? Ya ce mun gano duk suna da rai. Muka gwada kiran Bakari don shi Tanko ya yi masa magana, tunda ba surukinsa ba ne, wayar ba ta shiga ba. Ina jin ya sauko daga surin.

Daga nan Tanko ya yi magana ɗaya ba da wasa ba, yana kallon gefe kamar abin kunya ne. Ya ce wanda ya buɗe gidan termostar da hannunsa ya ga tsohuwar, shi kaɗai ya san faɗinta da lambarta. Ya naɗe duka ukun a jarida ya ce in kai, in dawo masa da biyu. Amma tunda ba a ba Bakano amana hannu sake, ya miƙa hannu ya cire mini hula daga kai, zannata ta zuwa Juma'a, ya kifa mini wata ta ulu mai tuntu irin ta 'yan acaɓa. Da na dawo karɓa ya ce bai san zancen ba. Tana kansa har yau.

Hanyar Tinyer ba kwalta, jar ƙasa ce da ruwa ya jiƙa. Motar da na samu ƙarama ce, amma an zuba mana mutane kamar buhunan gero, har direba ya raba kujerarsa da wani malami, yana miƙa hannu ta kan cinyarsa yana canza giya. Muka kafe a taɓo, kowa ya fita turi, ni aka ce in zauna saboda girma. Suka tura har da ni a ciki, ina jin suna nishi, ina riƙe da ƙunshin jarida a ƙirji kamar jariri. Duk tsawon hanyar ina ta lissafi. In na ce wa Bakari ban sani ba, na kunyata shi, domin ya zauna kwana da kwanaki yana jiran wanda bai san komai ba, kuma ba zai iya nuna ya ji ba. In na zaɓa da ka, zai sa abin da na zaɓa ko da ya san ba ita ba ce, ya tura ta da guduma in ta ƙi shiga.

Hancina ya riga idona ganin motar. Tana tsaye a gindin wani tudu, an kafa tampol a gefenta, albasa shanye a ƙarƙashi, wadda ta lalace an tara ta can nesa ƙudaje na biki. Bakari ya rame, idonsa ya faɗa. Da ya hango ni ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi zafin Garwa, ya koma kan gajiya. Hular ulun ma bai nuna ya gan ta ba. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo nonon da matan wata ruga ke kawo masa. Gabas kuwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

Na kwance jaridar na jera su uku a kan tabarma. Na ce ga su, wacce ce?

“Wadda Baba ya zaɓa.”

Na ɗauki babbar na juya ta ina satar kallonsa. Kansa na ƙasa. Na ajiye na ɗauki ƙaramar. Kansa na ƙasa. Na yi tari, na ce wannan kamar ta fi kyau ko? Ya ce Baba ya fi shi sani. Na ce ko kuwa waccan? Ya ce ita ma Baba ya fi shi sani. Yatsun hannunsa kawai na ga suna motsi a kan gwiwa, kamar mai jin yunwa an ajiye tuwo an ce ya jira. Iska ta taso ta ɗaga gefen tampol, aka yi tsawa can nesa.

Na duba sama, na duba albasa, na duba ƙeyar surukina. Sai na ce masa nonon nan ya motsa mini ciki, kuma la'asar ta yi, ya ba ni buta. Na ce zan ɗan yi nisa, kada ya neme ni, ni mutum ne mai dogon wuridi. Na bar su ukun a kan tabarma na shiga daji.

Na yi alwala a bayan wata bishiya, na yi la'asar, na zauna. Na ja carbi har ya ƙare na sake. Cinnaku suka same ni, na haƙura. Daga inda nake ina jin ƙarar sifana, ƙwal, ƙwal, da sauri kamar ana korar mai yi. Na yi wa iyayena addu'a, na yi wa Ladi, na yi wa albasa, har Tanko na sa a ciki don lokaci ya tafi. Can sai na ji inji ya yi tari ya kama.

Da na fito, jaridar na naɗe a kan tabarma an ɗaure ta da zare, Bakari na loda buhuna, hannunsa baƙi da mai. Ya durƙusa ya ce, “Na sa wadda Baba ya zaɓa. Ta zauna daidai.”

Na ce madalla, dama na san za ta zauna.

Na tattare riga na kama masa lodi, ya ce in bari, na ce ya yi mini shiru, karo na farko da na ji daɗin girma a tafiyar nan. Ɗigon farko ya sauka muna ɗaure tampol. Muka hau, ya sa giya, motar ta kama tudun nan tana gurnani. Ni da shi idonmu duka na kan allurar zafi. Ta tashi daga ƙasa a hankali, ta hau, ta hau, na ji carbi na neman tsinkewa a hannuna. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya. Muka gama tudun tana nan, muka hau na gaba tana nan. Bakari ya sauke numfashi, ya ɗan juyo, saura kaɗan in ga idonsa.

Mun shiga Tinyer da ruwa a kanmu. An yi asarar buhunan ƙasa, amma mafi yawan albasar ta kai, kuma kafin azahar ɗin washegari an kwashe ta. Na kira Ladi na gaya mata, ta yi ta kuka, na ce ta ajiye kukan ta dafa wa jikana wani abu.

Ina zaune a rumfar kasuwa ina shan kunu sai ga direbobi biyu sun zo sun durƙusa a gabana. Ashe Bakari ya baza a tasha cewa surukinsa kallo ɗaya yake yi wa termosta ya san ta kowane inji. Ɗayansu ya kwance ƙyalle, ga guda biyu a ciki, ya ce motarsa na tafasa, Baba ya taimaka ya zaɓa masa.

Na dube su da kyau, na juya wannan, na juya waccan, na gyaɗa kai. Sannan na ce ya ajiye su nan a kan tabarma, ya miƙo mini buta.